Littafin da Smaranda Ba Ta Ƙarasa Ba

Tun da safe Otilia ta cusa littafin a cikin kayan sadaka, tsakanin rigar sanyi da tawul, ta koma bakin murhu kamar ba ita ba. Ba a yi minti goma ba Zamfira ta zaro shi. Matar nan ko allura ka ɓoye a buhun masara sai ta gano ta, balle littafi mai bango ruwan hoda.

"Doamna Otilia, wannan fa?"

Doamna take ce mata, wato Madam, kamar baƙuwa. Da yatsu biyu ta riƙe littafin. A bangon 'yan mata biyu ne zaune a kan gada, ɗaya ta kwantar da kai a wuyan ɗaya, kuma duk wanda ya kalla ya san ba yaya da ƙanwa ba ne.

"Na Smaranda ne," in ji Otilia. "Ba ta ƙarasa ba."

"Shi ne za ki sa mana shi a kayan arba'in? A gaban Fadan coci fa za a kwance kayan nan. So kike mu zama abin magana a gari? Ki bar baiwar Allah ta huta mana, ko a kabari ne."

Ta jefa shi a kan firji ta ci gaba da ƙulle-ƙullenta. Zamfira matar Nicodim ce, ƙanen marigayiya Smaranda, kuma tun ranar rasuwar take juya gidan kamar ita ta gina shi. Ita kuwa Otilia shekara ashirin da biyu ke nan tana cikinsa, amma a bakin mutanen garin Caracal har yau 'yar haya ce a ɗakin baya. Ɗakin bayan nan kwalaben tumatir da buhunan dankali ne cike da shi, gadonsa bai taɓa ganin mai kwana ba. Kowa ya sani, kuma babu wanda ya taɓa faɗa.

Littattafan sun shigo gidan ne bayan Smaranda ta yi ritaya daga gidan waya. Dama mai karatu ce, sai dai littattafan da suka taso da su, in har mace ta so mace a ciki, to kafin shafin ƙarshe ko ta faɗa kogi, ko ta haukace, ko tarin fuka ya ɗauke ta. Rannan sai ta yi odar wani sabo daga Bukarest, aka kawo shi a kwali. Kwana biyu tana karantawa tana jiran a kashe wata. Sai ga ta a kicin, tabarau a goshi, littafi a sama.

"Oti! Ba su mutu ba! Na rantse babu wadda ta mutu! Har kare suka saya!"

Daga nan Otilia ta shiga uku. Kowane wata sai kwali ya iso. Da la'asar, tana gasa tattasai ko tana ɓare wake, Smaranda za ta zauna kan kujerar bakin taga ta karanta da ƙarfi, tana canza murya, tana tsayawa ta zagi wadda ta yi wauta, tana dariya har da buga cinya. In aka zo wurin sumba sai ta rage murya ta leƙo ta saman tabarau, mace mai shekara sittin da uku, kunnuwanta sun yi ja.

"Yaran nan ba su da aikin yi ne?" Otilia kan ce. "Shafi ɗari biyu ana kallon-kallo."

"Ke shekara nawa kika yi kina zuwa sayen kan sarki, alhali ba ki da wanda za ki aika wa wasiƙa?"

"Uku."

"To rufe mana baki, mu ji abin da yarinya za ta ce."

Doka ɗaya suke da ita: ba a riga juna, ba a leƙa ƙarshe. Na ƙarshen nan labarin wata likitar dabbobi ne da wata mai gidan burodi. A shafi na ɗari uku da biyu suka yi faɗa, likita ta haɗa kayanta ta hau jirgin ƙasa. Smaranda ta kife littafin a kan tebur ta ce, "Sakarya kawai! Bari in sha ruwa in dawo kanki." Ta miƙe, ta kai bakin famfo, ta faɗi. Kwana biyu ta yi a asibiti ba ta buɗe ido ba.

Shafi talatin da takwas suka rage. Otilia ba ta buɗe su ba. Ta san za su shirya, kullum shiryawa suke yi, amma Smaranda ba ta ji ba. Ta tafi ta bar su a rabe, kuma wannan abin ya fi ganin akwatin gawa yi wa Otilia ciwo.

Yau kwana arba'in. Yau ran mamaci yake gama zagayen wuraren da ya sani ya wuce, kuma duk abin da aka bayar da sunansa, mai rai ya karɓa da kunnannen kyandir ya ce bogdaproste, kalmar godiyar karɓar sadaka, to ya same shi a can. Otilia shekara talatin ta yi tana sayar da magani a kemis tana yi wa irin wannan magana dariya. Amma ga tsakar gida an jera gado da katifa, tebur, kujera, fitila, bokitin ruwa, takalma, kofi, cokali. Har tabarau an sa mata. To me za ta karanta da shi? Da Zamfira ta juya baya, Otilia ta ɗauke littafin daga kan firji, ta naɗe shi da tsohuwar jarida ta jefa a jaka.

A coci ba ta ji ko kalma ɗaya daga addu'ar ba. An tsayar da ita a layi na huɗu, bayan 'yan uwa da surukai da wani ɗan kawu da Smaranda ba ta gani ba tun yana tsumman goyo. A maƙabarta aka zuba ruwan inabi a kan kabari, aka kewaya da turare, aka raba koliva, dafaffiyar alkamar nan mai sukari da ake yi wa matattu. Mutane suna lasar cokali Otilia ta ja hannun Tanti Filofteia zuwa bayan wata bishiya.

Tanti Filofteia, wato Goggo Filofteia, ita ke share coci. Ita aka zaɓa ta karɓi gadon da sauran kayan, saboda ba ta da kowa kuma ƙafarsu ɗaya da marigayiya.

"Tanti, ga wani abu. Don ran Smaranda. Ga kyandir, bari in kunna."

Tsohuwar ta jinjina ƙunshin a hannu. "Littafi ne?"

"Littafi ne. Ki dai faɗi kalmar."

"Na addu'a?"

"Na labari. Tana cikin karantawa ta rasu. Tanti, don Allah, kafin su ankara."

"Ayya, 'yar nan. Ni aji biyu na yi, idon ma ya tafi. In na karɓa na ɗora a kan kabad, a rufe zai isa gare ta. Ke ba ki san yadda abin yake ba? Rigar da za a ba ni, sai na sa take jin ɗumi. Gadon, sai na kwanta take hutawa. Shi ya sa ba a ba mai ƙatuwar ƙafa ƙaramin takalmi. Littafi kuwa sai an karanta."

"To ki karɓa, ni in riƙa karanta miki kina saurare."

"Ke ki bayar, ke kuma ki ci? Ba a yin haka. Wanda ya bayar ya bayar ke nan. 'Yan gida ma ba sa karɓa, in ba haka ba ai da kowa ya miƙa wa matarsa a huta. Nemi bare mai ido, kuma ki yi sauri. In rana ta faɗi ta wuce."

Bare mai ido, wanda zai zauna yau ɗin nan ya karanta yadda likitar dabbobi za ta koma wa mai gidan burodi, a garin da ko sabon labule ka sa sai an tattauna a kai. A bakin ƙofar maƙabarta ta tari mai sayar da furanni. Matar ta ɗaga jaridar kaɗan, ta ga bangon, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta ta mayar mata kamar an ba ta garwashi. Ta tari wani mutum da ke zaune yana bara da hula a gabansa. Shi kam ya miƙo hannu da fara'a, har ya buɗe baki zai faɗi kalmar, sai ya shafa takardar ya ce tana da laushi, za ta yi daɗin naɗa taba. Otilia ta fizge abinta. Ya bi ta da zagi har ta sha kwana.

A gida an shimfiɗa dogon tebur a ƙarƙashin rumfar inabi. Miya, naɗin kabeji da nama, burodi, barasar gida a ƙananan kofuna. Ana ci ana cewa Allah ya gafarta mata, ana kuma hirar kuɗin itacen hunturu. Ƙarfe ɗaya ta wuce. Otilia ko cokali ba ta ɗaga ba, idonta na kan Doamna Lucretia.

Ita ce dai. Tsohuwar malamar adabi a sakandare, mai gida cike da littattafai, wadda duk shekara take zuwa bikin ranar haihuwar Smaranda ta ci kek ta sha kofi. Ta sha ganin silifas biyu a bakin gado ɗaya ba ta ce komai ba. Da ta tashi wanke hannu, Otilia ta bi ta bakin rijiya.

"Lucretia, abu ɗaya nake roƙo. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Ta faɗa mata duka, a gurguje. Lucretia ta buɗe littafin daga tsakiya, ta karanta layi uku ko huɗu, wuyanta ya yi ja. Ta rufe.

"Otilia, ba wai ina ƙyamar ku ba ne, kin sani."

"Shafi talatin da takwas ne kacal. Awa ɗaya."

"Ba adabi ba ne wannan, ka'ida ɗaya suke bi duka. Kin san za su shirya. Ki je kabarin ki faɗa mata sun shirya mana."

"Ita ma ta san za su shirya! Ba sani take so ba, ji take so ta yi!"

"Rage murya." Lucretia ta waiga wajen tebur, inda mijinta ke zaune kusa da Fada. "In na shiga da abin nan gida, Titus ya gani, me zan ce? Jikokina suna zuwa ranar Lahadi. Ki yi haƙuri. Zan kunna mata kyandir, babba."

Ta mayar mata da shi ta goge hannu a siket, ta koma ta zauna ta ɗauki cokali. Otilia ta tsaya riƙe da bakin rijiya. Ta ji tsoro irin wanda ba ta ji ba ko a asibiti, domin a can akwai likitocin da za a roƙa, a nan kuwa ta gama roƙon duk wanda ta sani. Inuwar rumfa ta riga ta kai katanga. Ta koma kujerarta a ƙarshen tebur don ba ta san inda za ta je ba.

Sai ga Zamfira da kwando, tana bin baƙi ɗaya bayan ɗaya. Kowane bare ana ba shi tawul da ɗan burodi da kofi da kunnannen kyandir, ya ce bogdaproste, a wuce na gaba. 'Yan uwa ana tsallake su. Ranar jana'iza da ranar sadakar kwana tara, duk sau biyun Zamfira ta tsaya a kan Otilia da kwandon nan, duk sau biyun Otilia ta ɓoye hannuwanta a ƙarƙashin tebur ta kau da kai. Abin da ya rage mata ke nan. Ba a sa sunanta a takardar sanarwar rasuwa ba, ba a tambaye ta rigar da za a sa wa gawa ba, amma babu mai sa ta karɓi sadakar Smaranda kamar wata maƙwabciya.

Zamfira ta iso, ta tsaya, ta miƙo tawul.

"Doamna Otilia, yau ma za ki ba mu kunya? Kowa ya karɓa."

Otilia ta kalli tawul ɗin. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sa hannu a jaka, ta zare jaridar, ta ɗora littafin a kan tebur, bangon yana sama.

"Wannan za ki ba ni."

"Kin haukace?"

"Ba kin ce ni bare ba ce? To ki ba ni. Ni ina da ido, zan karanta."

Cokula suka tsaya. Fada ya ga abin da ke kan tebur, ya ga kuma agogonsa, ya tuna yana da wata addu'ar a ƙarfe uku. Zamfira ta sunkuyo tana magana ta tsakanin haƙora.

"Ki ɗauke ƙazantar nan daga gaban mutane."

"Ba zan iya ba wa kaina ba, Zamfira. Sai ɗan gida ya bayar. Ina roƙonki." Muryarta ta fashe, ba ta damu ba. "In kina so in durƙusa zan durƙusa. Rana na tafiya."

"Yau kuma mu ne 'yan gida? Kwana arba'in kina hura mana hanci kamar ke ce uwar gidan, kin ƙi karɓar ko burodi. To faɗi kowa ya ji. Ke mece ce a gidan nan?"

Otilia ta dubi ƙofar kicin da ta yi wa fenti da hannunta, ta dubi rumfar da suka kafa tare shekarar da aka yi ambaliya.

"'Yar haya ce," ta ce.

"Ba mu ji ba."

"'Yar haya ce ni. A ɗakin baya. Ba abin da ya haɗa ni da ita."

Kujera ta yi ƙara. Nicodim ne ya miƙe, mutumin da tun safe bai ce uffan ba sai zuba wa mutane barasa. Ya zagayo, ya zari kyandir daga kwandon matarsa, ya kunna. Ya ɗauki littafin bai kalli bangon ba, bai kuma kalli Otilia ba. Kakin kyandir ɗin yana ɗiga a kan yatsunsa.

"Don ran Smaranda," ya ce.

Otilia ta miƙa hannu biyu.

"Bogdaproste."

Daga nan taro ya fara watsewa. Wannan ta tuna ta bar wake a wuta, wancan motar ƙauyensu za ta tashi. Lucretia da Titus suka fita ba sallama. Zamfira ta shiga tattara kwanoni tana buga su da juna. Tanti Filofteia kuwa ta riga ta sa rigar sanyin marigayiya da takalmanta, ta jawo sabuwar kujerar da aka ba ta ta zauna a gefen Otilia.

"Ni na sa nawa," ta ce. "Ke ma buɗe naki."

Otilia ta buɗe shafi na ɗari uku da biyu. Ba ta iya karatu a fili ba, ba ita ke yi ba. Murya ɗaya ta ba kowa, tana tuntuɓe a kan sunayen garuruwansu, tana tsayawa ta share hanci. Likita ta sauka a tashar farko, ta rasa jirgin komawa, ta hau motar wani mai kai tumaki kasuwa. Tanti Filofteia ta yi dariya, ta tambaya wai wannan likitan namiji ne ko mace. Otilia ta ce mace. Tsohuwar ta ce to, Allah ya kyauta, ci gaba. Nicodim yana naɗe tebura a can gefe, kuma tebur ɗaya ya ɗauke shi kusan rabin awa.

Mai gidan burodi ta ƙi buɗe ƙofa. Likita ta tsaya a waje da warin tumaki a jikinta tana ba da haƙuri ta taga, tana faɗin duk abin da ya kamata ta faɗa tun shafi ɗari da suka wuce. Otilia ta ji haushinta, ta ji tausayinta, ta ji kuma tana so ta san ko za a buɗe, so na gaske, har ta ƙara sauri. Aka buɗe. Ta karanta wurin sumbar ba ta rage murya ba, Zamfira na jin ta daga kicin.

Rana ta sauko kan rufin maƙwabta lokacin da ta ji takardun hannun damanta sun kusa ƙarewa. Ganye ɗaya ya rage. Ta sa yatsa a kusurwarsa, sai ta tsaya.

Kwana arba'in akwai abin da suke tsakiyarsa ita da Smaranda. Duk safiya ta tashi ta ga littafin a kife, ta san akwai abin da ba su gama ba. In ta juya ganyen nan, babu sauran komai. Ta riƙe shi, kyandir ya kusa cinyewa a kan tebur, ta kasa.

"Ya ƙare ne?" in ji Tanti Filofteia.

"Saura shafi ɗaya."

"To me kike jira?"

Tsohuwar ta dubi sama, ta dubi fuskarta, ta gyara wuyan rigar da ke jikinta.

"'Yar nan, a tsaye take fa, da kayanta a hannu. Ki ƙarasa mata ta tafi."

Otilia ta goge ido da bayan hannu don ta ga rubutun. Ta juya shafin.